Tarihin Neman Maganin Cututtukan Gado Masu Tara Maiƙo a Ƙwaƙwalwa, da Darasinsa ga Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Akwai waɗansu cututtuka na gado waɗanda alamarsu ta farko ita ce yaro ya soma rasa abin da ya riga ya iya. Jaririn da ya fara zama sai a ga ya daina. Wanda ya fara tafiya ya koma rarrafe. Ɗan makarantar da ke karatu sumul ya soma kasa gane abin da ke rubuce a allonsa. Daga nan gani ya ragu, ko ji ya toshe, ko farfaɗiya ta shigo, har rai ya yi halinsa. A ƙasar Hausa, tun daga manyan birane har garuruwa irin su Dogon Dawa da ke kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, idan aka ga haka akan ce iska ce ta taɓa yaro, ko mayu sun kama shi, ko kuwa a ce ɗan ruwa ne. A wajen likita kuwa, galibi dalilin yakan zama sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa. Amma idan abin ya sake faruwa a ɗaki guda, ya kama wa ya dawo ya kama ƙane, to, lalle ne a tuna da wani rukuni na cututtuka waɗanda a cikinsu maiƙo ke taruwa a ƙwayoyin jiki, musamman na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har ya kashe su.

Ɗaiɗaikunsu ba safai akan gamu da su ba, amma idan an haɗa su jimla suna da dama, kuma ana samun su cikin kowace irin al'umma. Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin ƙoƙarin da aka yi na magance su ta hanyar abinci da ta hanyar magani, tun daga 1881 zuwa yau. Za a ga cewa tarihin ya tsaya a kan magana guda, watau abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, saboda haka amfanin kowane magani yana rataye ne da lokacin da aka fara ba da shi.

Daga Ganin Alama zuwa Gane Dalili

A cikin 1881 wani likitan ido na birnin Landan, Warren Tay, ya leƙa idon wani jariri wanda jikinsa ya saki, ya ga wani ɗigo ja wur a bangon ido na can ciki, fari ya kewaye shi. A 1887 Bernard Sachs, likitan jijiyoyi a Niyu Yok, ya bayyana yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara suke kumbura, daga baya kuma ya lura cutar tana bin dangi. Shi ya sa ake kiranta Tay-Sachs. A 1882 kuwa wani ɗalibin likita a Faris, Philippe Gaucher, ya rubuta kundinsa a kan wata mace mai shekara 32 wadda saifarta ta yi girma ƙwarai, cike da waɗansu manyan ƙwayoyi da ya zaci na ciwon daji ne. Albert Niemann na Jamus ya bayyana wata irinta a 1914, Knud Krabbe na Danmak ya ƙara wata a 1916. Duk waɗannan likitoci suna iya ba da suna, amma babu mai magani a cikinsu.

Wanda ya fara hango asalin lamarin shi ne Archibald Garrod na Ingila. A 1902, yana nazarin wata cuta dabam mai sa fitsari ya yi baƙi, ya lura da yawa daga cikin masu ita iyayensu 'ya'yan wa da ƙane ne. A 1908 ya kafa ra'ayin cewa akwai cututtukan da mutum ke zuwa da su daga ciki, domin wani mataki guda na sarrafa sinadarai a jikinsa ya toshe. Aka ɗauki kusan shekara hamsin kafin a ga inda toshewar take. A 1955 Christian de Duve na Jami'ar Luben a Beljiyam ya gano cewa a cikin kowace ƙwayar jiki akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, ya sa musu suna laisosom, waɗanda aikinsu narkar da tsofaffin kayan ƙwayar. Masu yin aikin a ciki su ne sinadaran da ake kira inzayim, kowane da matakin da yake tsaye a kai. A 1965 Roscoe Brady na Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka ya nuna inzayim ɗin da masu cutar Gaucher suka rasa, a 1969 kuma aka gano na Tay-Sachs.

Misalin abin shi ne aikin hatsi. Dawa ba ta zama gari sai an sussuke, an sheƙe, an surfa, sa'an nan an niƙa. Idan mai surfe ba ta zo ba, alhali masu sussuka suna ta aikinsu, sai tsaba ta yi ta taruwa a gindin turmi har ta cika tsakar gida. Haka maiƙon da ba a narkar ba yake cika ƙwayar jiki. Ƙwaƙwalwa ta fi jin jiki domin ita ce mafi maiƙo cikin gaɓoɓi bayan kitse, kuma jijiyoyi suna sanye da wata riga ta maiƙo kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. A waɗansu cututtukan toshewar tana wani sashe na ƙwayar ne ban da laisosom, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Dangane da gado kuwa, kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, ga mafi yawan inzayim. Wanda ɗaya tasa ta lalace lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da ita. Idan miji da mata duka suna ɗauke da iri ɗaya, to, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu, daidai da yadda abin yake a sikila. Daga misalin turmi hanyoyin magani suka fito fili: ko dai a daina kawo hatsi gidan, ko a nemo wata mai surfe, ko a rage wa masu sussuka aiki.

Hanyar Abinci: Cutar Refsum

Wanda ya buɗe ƙofar magani da abinci shi ne Horst Bickel a Bamingham, a 1953, ko da yake cutar da ya yi aiki a kanta, wadda ake kira PKU a taƙaice, ba ta maiƙo ba ce. Ya nuna cewa idan aka cire wani sinadari guda daga abincin yarinya, ƙwaƙwalwarta takan samu sauƙi. Likitoci suka shiga neman cutar maiƙo da za ta karɓi irin wannan dabara.

Suka same ta a Norwe. A 1946 Sigvald Refsum na birnin Oslo ya bayyana wata cuta mai farawa da dundumi tun mutum yana yaro ko saurayi, sa'an nan jin ƙanshi ya ɓace, ƙafafu su mutu, tafiya ta koma tangaɗi, ji ya ragu, fata ta yi kaushi. A 1963 Ernst Klenk da wani abokin aikinsa a Jamus suka gano cewa abin da ke taruwa wani maiƙo ne mai suna fitanik. Bincike ya nuna jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi ko kaɗan, duk daga abinci yake shiga. Asalinsa launin kore ne na ciyawa. Saniya ko tunkiya ko akuya ta ci ciyawa, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su warware shi, ya shiga kitsenta da nononta. Akwai shi kuma a kitsen kifi. A 1966 Lorentz Eldjarn da abokan aikinsa a Oslo suka ba da rahoton abin da ya faru da suka hana majiyyata waɗannan abubuwa: fitanik ya sauka a jini, ƙarfin ƙafafu ya ƙaru, tangaɗi ya ragu.

Da farko har ganyaye aka hana su ci, sai daga baya aka gane cewa cikin mutum ba ya iya fitar da sinadarin daga ganye kamar yadda tumbin saniya yake yi, aka sassauta. Idan aka kawo maganar ƙasar Birnin Gwari, ma'anarta ita ce mai wannan cuta zai ci tuwo da miyar kuka da naman kaza, amma ya yi bankwana da kindirmo, da man shanu, da naman sa da na rago. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan makiyayin da ya tashi a ruga a gefen dajin Kamuku, wanda nono shi ne rabin cimarsa. Daɗin daɗawa, an gano cewa yunwa da saurin ramewa haɗari ne gare shi, domin jiki yakan narkar da kitsensa ya kwararo fitanik cikin jini, har ya taɓa bugun zuciya. Saboda haka likitoci kan hana shi doguwar yunwa, ya shiga sahun marasa lafiyar da aka ɗauke wa azumi. Iyakar wannan nasara kuwa ita ce, ganin da ya riga ya tafi da jin da ya riga ya toshe ba sa komowa. Abinci yana tsayar da ɓarna ne a inda ya same ta.

Man Lorenzo

Nasarar Refsum ta sa aka yi zaton kowace cuta za ta bi sahu. Cutar da ake kira ALD ta nuna ba haka abin yake ba. Ita wannan ta wajen uwa ake gadonta, 'ya'ya maza take fi kamawa, yawanci tsakanin shekara huɗu zuwa goma, ta kware rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1976 aka gano cewa wani maiƙo mai doguwar sarƙa ne ke taruwa. Hugo Moser na Baltimo ya gwada cire shi daga abinci, amma bai sauka a jini ba, domin jiki da kansa yake ƙera mafi yawansa.

A watan Afrilu na 1984 aka tabbatar da cutar a jikin Lorenzo Odone, yana gab da cika shekara shida, ba da daɗewa ba bayan iyayensa sun koma Amurka daga tsibiran Komoros inda ubansa Augusto ya yi wa Bankin Duniya aiki. Augusto da matarsa Michaela ba likitoci ba ne, amma suka duƙufa karatu a ɗakin littattafai, suka tara masana. Wani mai bincike, William Rizzo, ya riga ya nuna cewa wani maiƙo na man zaitun yana rage ƙera mai cutarwar. Augusto ya kawo shawarar a haɗa shi da wani daga man wani tsiro ɗan'uwan kabeji, kashi huɗu da kashi ɗaya. Hikimar ita ce a shagaltar da inzayim ɗin da ke ƙera maiƙon da wani aiki dabam. Cikin 'yan makonni awon jinin yaron ya koma daidai. Aka yi fim a kan labarin a 1992, sunan man ya zaga duniya.

Sai dai gyaruwar jini dabam, gyaruwar ƙwaƙwalwa dabam. A 1993 Patrick Aubourg na Faris ya ba da rahoton gwajin da ya yi wa manya masu wani nau'i na cutar, ya tarar man bai hana ta ci gaba ba. A 2005 Moser ya ba da rahoto a kan yara 89 da aka fara bai wa man tun alama ba ta bayyana ba, ya ga kamar ya rage musu haɗari, amma babu wani rukuni da aka bari ba mai domin a kwatanta, saboda haka hujjar ba ta cika ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba. Shi Lorenzo ya rayu har 2008, ya rasu kwana ɗaya bayan ya cika shekara 30, ya daɗe ba magana ba tafiya. Abin da ya tabbata yana tsayar da cutar shi ne dashen ɓargo, wanda Aubourg ya ba da rahoton nasararsa a 1990, da sharaɗin a yi shi tun cutar tana farkon bayyana a hoton ƙwaƙwalwa. Wannan sharaɗi ne ya sa jihar Niyu Yok ta fara gwada dukan jarirai a ƙarshen 2013.

Maganin da Ya Fito daga Matsarmama

A 1937 Ludo van Bogaert na Beljiyam da abokan aikinsa suka bayyana wata cuta da yanzu ake kira CTX. Takan fara da gudawa marar yankewa tun ana jariri, sai yanar ido tun ana yaro, sai kumburi a agara lokacin samartaka, daga ƙarshe tangaɗi da ruɗewar hankali. A shekarun 1970 Gerald Salen na Amurka ya gano cewa hantar masu ita ba ta iya ƙera wani sinadari na ruwan matsarmama. Da yake hanta ba ta ganin abin da take nema, sai ta yi ta aiki ba tsayawa, tarkacen aikin ya koma wani maiƙo mai taruwa a ido, da agara, da ƙwaƙwalwa. Maganin shi ne a ba mutum sinadarin da ya rasa ya haɗiya, hanta ta ga ya samu ta huta. Sinadarin ba sabo ba ne. A matsarmamar dinya aka fara samun sa, kuma an riga an daɗe ana amfani da shi wajen narkar da tsakuwar matsarmama. A 1984 Vladimir Berginer, da Salen, da Sarah Shefer suka ba da rahoton mutum 17 da suka sha shi, mafi yawansu hankalinsu ya ƙara daidaita. Binciken baya ya nuna wanda aka fara ba shi tun yana yaro yakan tashi lafiya, wanda kuwa aka makara a kansa sau da yawa cutar takan ci gaba ko da yana sha.

Wannan magani ya fito da wata fuska ta tarihin, watau kuɗi. A ƙasar Holan ana sayar da ƙwaya 100 a kan Yuro 46 a 2008. Bayan da kamfanin Leadiant ya sami izinin sayar da shi musamman domin CTX, a 2017 farashin ya kai kusan Yuro 14,000. Babban asibitin jami'a na Amstadam ya fara haɗa nasa a 2018, kuma a 2021 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ci kamfanin tarar sama da Yuro miliyan 19, wadda daga baya aka rage. Amurka ba ta amince da maganin a hukumance domin wannan cuta ba sai a Fabrairun 2025.

Nemo Mai Surfe, da Ganuwar Ƙwaƙwalwa

Tun da Brady ya gano inzayim ɗin Gaucher ya ƙudura niyyar mayar wa majiyyata abin da suka rasa. Ya tace shi daga mabiyiya, ya yi gwajin farko a 1974, amma kaɗan ne ya isa inda ake bukata. Aka shafe shekaru ana gyara shi har ƙwayoyin saifa da hanta suka riƙa kama shi. A 1991 aka amince da Ceredase. Mabiyiya wajen 20,000 ake bukata domin mutum ɗaya a shekara, har sai da aka sami Cerezyme a 1994, wanda ake ƙerawa a ɗakin bincike. Saifa ta sace, jini ya ƙaru, yara suka yi girma. Kuɗinsa kuwa yakan kai dala 200,000 ko fiye a shekara, kuma ƙarin ruwa ne duk mako biyu har iyakar rai.

Amma ga nau'o'in Gaucher masu taɓa ƙwaƙwalwa, maganin ya gyara ciki ya bar kai. Dalilin tsoho ne. Tun a 1885 Paul Ehrlich na Jamus ya zuba wa dabbobi ruwan rini a jini, ya ga dukan gaɓoɓi sun rine ban da ƙwaƙwalwa. Hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge kamar ganuwar birni, ƙofofinta ƙanana, ba sa barin babban kaya ya shiga, inzayim kuwa babban kaya ne. A 2017 aka amince da Brineura domin wani nau'i na cutar Batten, wanda ake tsallake ganuwar da shi ta hanyar dasa wata 'yar na'ura a ƙoƙon kai, a riƙa zuba maganin kai tsaye duk mako biyu. Yana jinkirta rasa tafiya, amma bai warkar ba.

Rage Sussuka da Gyaran Ƙwayar Gado

Hanya ta uku ita ce rage ƙera maiƙon tun daga tushe da ƙaramin magani mai iya ratsa ganuwa. A 1994 Frances Platt da Terry Butters na Jami'ar Oksfod suka gano cewa wani magani da aka gwada domin ƙanjamau bai yi nasara ba yana rage aikin inzayim ɗin da ke fara ƙera irin wannan maiƙo. Shi ne miglustat. Turai ta amince da shi domin Gaucher a 2002, da kuma nau'in C na cutar Niemann-Pick a 2009. Yana jinkirta lalacewar haɗiya da tafiya. A nan ma abinci ya sake shigowa, domin maganin yana hana hanji narkar da sukari da madara, ya jawo gudawa, sai an rage su a cimar yaro kafin ya iya jure shi. A Satumbar 2024 Amurka ta amince da ƙarin magunguna biyu domin wannan cuta, Miplyffa da Aqneursa.

Mafi sabuwar dabara ita ce a ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaro, a sa musu lafiyayyar ƙwayar gado, a mayar masa. A 2022 aka amince da Skysona domin ALD a kan dala miliyan 3, ko da yake waɗansu daga cikin yaran da aka yi wa sun kamu da ciwon daji na jini. A 2024 Amurka ta amince da Lenmeldy, wanda aka ƙirƙiro a Milan ta Italiya domin cutar MLD, a kan dala miliyan 4 da dubu 250. Sharaɗinsa shi ne na dā: a yi shi kafin alama ta bayyana ko tana farkon bayyana. Abin tausayi, sau da yawa ƙane ne ke amfana, domin ciwon wansa ne ya sa aka gwada shi da wuri.

Inda Magani Ya Gaza: Gwaji Kafin Aure

Cutar Tay-Sachs, wadda da ita tarihin ya fara, har yau babu abin da ke warkar da ita, kuma yaran da ta kama tun suna jarirai ba safai sukan wuce shekara biyar ba. Duk da haka ita ce aka fi cin ƙarfinta. Cikin Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne, kusan mutum ɗaya cikin 30 yana ɗauke da ita. A 1971 Michael Kaback ya fara gwajin jama'a a Baltimo da Washinton tare da haɗin kan shugabannin al'ummar. A 1983 wani malaminsu a Niyu Yok, Josef Ekstein, wanda ya binne 'ya'ya huɗu saboda cutar, ya kafa ƙungiyar Dor Yeshorim. Ana gwada samari da 'yanmata, a ba kowa lamba a asirce. Idan maganar aure ta taso, tun ba a yi nisa ba, sai a miƙa lambobin biyu, a ce sun dace ko ba su dace ba, ba tare da an fallasa wani gida ba. Yawan masu cutar cikin wannan al'umma a Amurka da Kanada ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Darasi ga Dogon Dawa

Mai saurare zai iya tambaya, ina ruwan manomin Dogon Dawa da maganin dala miliyan huɗu? Amsar tana Garki, wadda a dā take Jihar Kano, yanzu Jigawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a can. Alan Fleming, shehin malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen, suka ba da rahoto a 1979 cewa kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifar su da sikila, amma cikin waɗanda suka girma kusan babu su. Sun rasu tun ba a san abin da ke damun su ba. Idan cuta mai yawa irin sikila ta iya ɓuya haka, ina ga waɗanda ba su kai ta yawa ba? Nijeriya ba ta da tsarin gwada dukan jarirai domin cututtukan maiƙo, saboda haka ƙarancinsu a littafin asibiti ba hujja ba ce ta cewa babu su.

Bugu da ƙari, auren zumunci al'ada ce mai ƙarfi tsakanin Hausawa da Fulani. Mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau, amma idan akwai lalatacciyar ƙwayar gado a zuriya, shi ne ke sauƙaƙa haɗuwarta da 'yar'uwarta, kamar yadda Garrod ya lura. Ga kuma wahalar hanya. Ƙwararrun likitocin yara suna Kaduna da asibitin koyarwa na Shika, kuma tun daga harin da aka kai wa masallata a Dogon Dawa a Oktoban 2012, an shafe shekaru tafiya a hanyoyin yankin tana zama kasada.

Duk da haka akwai rabon da ke kusa da hannu. Na farko, ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya lura da alamu ba tare da na'ura ba: yaron da ke rasa abin da ya iya, musamman in an taɓa yi a ɗakinsu; yanar ido ga yaro mai daɗaɗɗiyar gudawa; saifar da ta ƙi sacewa bayan an magance zazzaɓi kuma gwaji ya nuna ba sikila; dundumin da bitamin A bai kawar ba; da yaro namiji da fatarsa ke ƙara duhu, yana yawan amai da kasala, karatunsa yana ja da baya. Wannan na ƙarshe yana iya zama ALD ce ta taɓa wata 'yar gaɓa da ke bisa ƙoda, kuma ƙwayar haidirokotizon mai araha tana ceton ransa daga wannan ɓangare na cutar. Na biyu, tun a 2001 Nestor Chamoles na Ajantina ya nuna ana iya auna inzayim daga ɗigon jini busasshe a kan takarda, wadda ake aikawa cikin ambulan ba sai da ƙanƙara ba. Na uku, gwaji kafin aure ya riga ya zama sananne saboda sikila, har Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Abin da ya rage shi ne likita da limami su riƙa tambayar tarihin zuriya, cikin sirri irin wanda Ekstein ya kiyaye.

Ko inda babu magani, sanin sunan cuta yana da amfani. Yana hana a sayar da shanu da gona ana yawon neman abin da ba zai samu ba. Yana hana a zargi kishiya ko wata tsohuwa da maita, ko a saki uwa a kan abin da ba ta da iko a kansa. Yana kuma mai da hankalin gida ga abin da zai sauƙaƙa wa yaro, kamar maganin farfaɗiya, da ba shi kunu mai kauri yana zaune don kada ya shaƙe, da juya shi a shimfiɗa don gudun gyambo.

Kammalawa

A taƙaice, abinci ya yi aiki a cutar Refsum domin daga akushi maiƙon yake shiga, ya gaza a ALD domin jiki ke ƙera shi. Inzayim ya gyara saifa da hanta ya tsaya a bakin ganuwar ƙwaƙwalwa. Maganin matsarmama, da dashen ɓargo, da gyaran ƙwayar gado, duk sun fi amfanar wanda aka kama da wuri. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu tsadar cikin magungunan nan za su daɗe ba su iso ƙasar Birnin Gwari ba, amma ko ranar da suka iso, yaron da aka gane cutarsa da wuri kaɗai za su amfana. Aikin da ke gaban jami'o'i da ma'aikatun lafiya na Arewa shi ne su koya wa ma'aikatan ƙauye waɗannan alamu, su buɗe hanyar aika jini zuwa ɗakin gwaji, su kuma fara rubuta abin da suka gani, kamar yadda aka yi a Garki.